Gina tukunyar renon ƙwayoyin halitta da kuɗi kaɗan: inda ake tsuke aljihu da inda ba a tsukewa

Bayoriyakta tukunya ce da ake renon yis ko bakteriya a cikinta, a riƙe musu zafi da tsami da iska da abinci a daidai gwargwadon da ake so, tsawon sa'o'i ko kwanaki, ba tare da wani baƙon ƙwaro ya kutsa ciki ba. Yawancin masu son gina tasu da kansu suna farawa ne daga allon lantarki da manhaja, domin nan ne aikin ya fi armashi. Amma ba nan wahalar take ba. Abin da ke kashe irin wannan aiki abu uku ne: gurɓata, ƙarancin oksijin, da ma'aunin da ke faɗin ƙarya. Duk kuɗin da mutum ke da shi, a wurare ukun nan ya kamata ya fi zuba shi, sauran kayan kuwa ana iya ɗaukar mai araha ba tare da fargaba ba.

Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, a duba abin da wasu suka riga suka saki a fili. Akwai eVOLVER da aka bayyana a 2018 daga Jami'ar Boston, mai ƙananan kwalabe 16 da ke aiki lokaci guda. Akwai Chi.Bio na 2020 daga Jami'ar Oxford, akwai kuma Pioreactor da ke zaune a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Dukkansu na 'yan mililitoci ne, kusan 20 zuwa 40, kuma idan burinka shi ne nazarin yadda ƙwayoyi ke girma ko sauyawa, ka kwaikwayi ɗaya daga cikinsu ka huta. Wanda zan yi bayani a kai shi ne na lita 2, domin daga wannan girman ne matsalolin iska da zafi da kumfa suke fara nuna kansu kamar yadda suke a manyan tankuna.

Tukunya da murfinta

A nemi tukunyar gilashin borosiliket mai faɗin baki, mai cin lita 2, faɗinta ta ciki kusan santimita 12. Ba a cika ta. Lita 1.4 ta isa, wato kashi 70 cikin 100, sauran sararin na kumfa ne da iskar da ke fita. Murfin ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316L, ko farantin folifirofilin mai kauri, da zoben roban silikon a tsakaninsa da bakin gilashin. A lissafa ramukan murfi tun kafin a taɓa injin huji, domin tun ran gini tun ran zane: sandar maburgi a tsakiya, shigar iska, fitar iska, bututun ma'aunin zafi, ma'aunin tsami, ma'aunin oksijin, ɗibar samfur, asid, kostik, abinci, da rami ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana da za a toshe. Ma'aunan tsami da oksijin na masana'antu galibi kaurinsu milimita 12 ne, da zaren dunƙulewa mai suna PG13.5, don haka gara a yi ramukansu a kan wannan awon ko da a yanzu ba su za a saya ba.

Na'urar buga kaya ta 3D tana da amfani sosai a nan, amma a wajen tukunya kawai: mariƙin moto, akwatin lantarki, kan famfo. Roban PLA yana laushi tun a digiri 60, PETG a kusan 80, ABS a ɗari da 'yan kai, alhali turarawa, wato kashe ƙwayoyi da tururi, tana kaiwa 121. Ko da roban ya jure zafin, tsakanin layukan bugun akwai ƙananan tsagu da ƙwayoyi ke ɓuya a ciki, wanki ba ya kai musu. Abin da zai taɓa romon, wato ruwan abincin da ƙwayoyin ke girma a ciki, ya tsaya a gilashi, 316L, silikon, PTFE da folifirofilin. Tagulla da jan ƙarfe ba sa shiga ciki ko kaɗan, domin jan ƙarfe yana narkewa kaɗan-kaɗan ya zama guba ga ƙwayoyin.

Oksijin, wanda shi ne iyakar komai

Ga lissafin da ya kamata duk mai ginin ya yi da hannunsa sau ɗaya. Ruwan da ke digiri 30, idan ya ƙoshi da iska, oksijin ɗin da ke cikinsa bai wuce miligiram 7.5 a lita ba, wato kusan milimol 0.23. Yis ɗin burodi idan yana numfashi da dukkan ƙarfinsa yana iya shan kusan milimol 8 a kowane giram na busasshen nauyinsa cikin sa'a ɗaya. To a ce tukunya ta kai giram 5 a lita, wanda ba wani yawa ba ne. Buƙatarsu ta zama milimol 40 a lita a sa'a. Idan aka yanke iska, abin da ke cikin ruwan zai ƙare a cikin daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Sukari ana iya zuba na yini guda a tashi ɗaya, amma oksijin sai dai a yi ta dura shi kowace daƙiƙa.

Ƙarfin tukunya wajen shigar da oksijin cikin ruwa ana kiransa kLa, kuma ana ba da adadinsa ne bisa sa'a ɗaya. Abin da ke shiga shi ne kLa sau tazarar da ke tsakanin ƙoshin ruwan da abin da ke cikinsa a yanzu. Idan ana so a riƙe oksijin a kashi 30 cikin 100 na ƙoshi, tazarar ta zama kusan milimol 0.16, sai a raba 40 da wannan, a sami kLa na wajen 240 zuwa 250. Ɗan maganaɗisun da ke juyawa a gindin kwalba, irin wanda ake haɗawa da fankar kwamfuta, ba ya kusantar wannan adadi, kuma idan aka matsa masa gudu sai ya suɓuce daga maganaɗisun ƙasa ya hau tsalle. Ya dace da kwalbar mililita 20. A lita 2 sai da maburgi na gaske.

Maburgin da aka saba da shi a renon bakteriya da yis shi ne na Rushton: faifai mai fukafukai shida a tsaye. Faɗinsa ya zama sulusin faɗin tukunya, wato santimita 4 a namu awon, a ɗaga shi daga gindi da misalin faɗinsa. Bututun iska ya ƙare a ƙarƙashinsa daidai, a lanƙwashe kamar zobe, da ramuka na milimita 0.5 zuwa 1 suna kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki. Aikin maburgin shi ne ya daddatsa manyan kumfar iska zuwa ƙanana, domin ta fatar kumfar ne oksijin ke ratsawa. Dutsen iska na tankin kifi yana ba da ƙananan kumfa, amma ƙwayoyi suna toshe shi, kuma ba ya wankuwa.

Abin da aka fi mantawa shi ne shingaye. Faranti huɗu ne siriri a tsaye a jikin bangon tukunya, faɗin kowanne kashi ɗaya cikin goma na faɗinta, wato kusan santimita 1.2. In babu su, ruwan gaba ɗaya zai riƙa zagayawa tare da maburgin, ya yi rami a tsakiya. Ido zai ga kamar ana gauraya sosai, alhali sama da ƙasa ba sa haɗuwa. Gudu kuwa daga zagaye 300 zuwa 1000 a minti ya wadatar, amma a tuna cewa ƙarfin da moto ke buƙata yana ninkuwa sau takwas idan aka ninka gudu sau biyu. Moton da ke tafiya lafiya a 400 yana iya ɗaukar zafi ya tsaya a 800. A sa masa ma'aunin zagaye, ko da ɗan maganaɗisu ne da sensar Hall, domin umarnin da aka ba moto ba shi ne gudun da yake yi ba.

Inda sandar maburgi ta ratsa murfi, nan ne ƙofar gurɓata mafi girma. Hanya mafi aminci ita ce haɗin maganaɗisu: zobe ɗaya a waje a jikin moto, ɗaya a ciki a kan sanda, murfi a tsakaninsu babu huji. Sai dai maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfi daga digiri 80, don haka na ciki ya zama samariyam-kobalt ko niyodimiyam mai jure zafi, a lulluɓe shi kada romo ya taɓa shi.

Iska ana ba da ita da misalin lita ɗaya a minti ga kowace litar ruwa, wato lita 1.4 a minti. Famfon tankin kifi mai ƙarfi yana iya yi, amma adadin da aka rubuta a kwalinsa na iskar da ba ta da shamaki ne. Da zarar ta bi ta matata da zurfin ruwa sai ta ragu ƙwarai, saboda haka a sa ma'aunin gudun iska mai ɗan ƙwallo a cikin bututu a ga gaskiyar abin da ke shiga.

Ana iya auna kLa tun da ruwa zalla. A kore oksijin da iskar naitirojin har ma'auni ya sauka ƙasa, a kunna iska da maburgi, a ƙirga lokacin da zai ɗauka daga kashi 20 zuwa kashi 70. Lissafin ya faɗo da sauƙi a waɗannan maki biyu: kLa kusan 0.98 ne a raba da lokacin, bayan an mai da shi sa'o'i. Idan ya ɗauki daƙiƙa 60, kLa ya kusa 59 a sa'a. Idan 15 ne, ya kusa 235. Amma ma'aunin oksijin mai nauyin jiki, wanda shi kansa yake ɗaukar rabin minti ko fiye kafin ya farga, zai nuna adadin da ya gaza na gaskiya, don haka a ɗauki sakamakonsa a matsayin mafi ƙarancin abin da tukunyar ke iyawa.

Tsabta

Iskar shiga da ta fita kowacce tana bi ta matatar PTFE mai ramukan maikiromita 0.2, irin wadda ba ta shan ruwa. Ta fita ita ce mai ba da wahala. Iskar da ta bi ta ruwa mai ɗumi tana fitowa da laima, laimar ta taru a matata ta toshe ta, matsi ya hau a cikin tukunya, sai romo ya bi ta duk bututun da ya samu ya fita, ko tiyo ya fizge. Maganinsa a sa kwalbar tarko tsakanin murfi da matata, in da hali kuma a sanyaya bututun fitar don tururin ya koma ciki. Wannan sanyayawar tana da wani amfanin: busasshiyar iska lita 1.4 a minti a digiri 30 tana iya kwashe ruwa har mililita 60 a yini, kuma a reno na kwana biyar wannan ya isa ya rikita duk lissafi.

Ana turara tukunyar a haɗe, da romonta a ciki, a digiri 121. Babbar tukunyar matsi ta girki tana yi matuƙar tana kaiwa wannan zafin, wato matsin psi 15, domin wasu na lantarki ba sa kaiwa. Minti 15 zuwa 20 da ake yawan faɗa na ƙananan kwalabe ne. Ruwa lita 1.4 yana daɗewa kafin tsakiyarsa ta yi zafi, don haka a ba shi minti 35 zuwa 45. A matse duk tiyon da bakinsa ke cikin ruwa, in ba haka ba romo zai haura ta cikinsa ya jiƙa matata. Amma hanyar fitar iska dole a bar ta a buɗe. Tukunyar gilashin da aka toshe ta ko'ina tana iya fashewa, a lokacin dafuwa ko lokacin hucewa. A kuma bar matsin ya sauka da kansa, kada a saki tururi da gaggawa, domin romon zai tafasa ya yi ambaliya.

Gulukos ana turara shi daban a zuba daga baya. Idan aka dafa shi tare da fefton, wato narkakken furotin da ake sawa a romo, sai su haɗu su yi launin ƙasa-ƙasa, wani ɓangaren sukarin ya lalace, kuma abin da ya fito yana iya rage girman ƙwayoyin.

Zafi

Wannan ne madauki, wato zagayen awo da gyara, mafi sauƙi, kuma da shi ake farawa. Faifan ɗumama na silikon mai wat 60 a nannaɗe a jikin gilashi ya isa. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin kilojul 4.18, don haka kai lita 1.4 daga digiri 20 zuwa 30 zai ɗauki kusan minti 16 in ba a lissafa zafin da ke zurarewa ba. A zaɓi na bolt 24 maimakon 12, domin amfiya 2.5 zai ja maimakon 5, wayoyi da makunni ba za su yi zafi ba. Wutar gida kai tsaye kada ta kusanci tukunyar da ke cike da ruwan gishiri.

Sensar DS18B20 tana da araha, kuskurenta bai wuce rabin digiri ba a wannan zangon, tana buƙatar rizista mai om 4,700 tsakanin wayar bayanai da wayar wuta. A zura ta cikin bututun ƙarfe mai toshen gindi da ke nutse a romo, a ɗiga ruwa ko gilisarin a ciki don zafi ya ratsa da sauri. Lambobi biyu ne za a koya wa manhaja ta ƙi yarda da su. Idan ta nuna 85 cif, alama ce ta sake tashi ba ta gama awo ba. Idan ta nuna 127 ƙasa da sifili, waya ta tsinke. Na biyun shi ne mai haɗari, domin manhajar da ba a gargaɗa ba za ta ɗauka tukunya ta daskare, ta sakar wa faifan wuta gaba ɗaya har ta dafa ƙwayoyin. Wanda ke son daidaito fiye da haka ya ɗauki PT100 da allon MAX31865.

Ƙwayoyin su ma suna fitar da zafi, kusan kilojul 460 ga kowane mol na oksijin da suka sha. A lissafinmu na sama wannan ya kai wat 5 a lita, ban da na maburgi. Idan ɗakin yana da zafi kusa da digiri 30, tukunyar za ta wuce inda ake so ko da an kashe faifan. Fanka a jikin gilashi tana taimakawa, in ba ta isa ba sai bututun ruwan sanyi a lanƙwashe a ciki.

Tsami, inda ma'auni ya fi yin ƙarya

Sandar gilashi ta awon pH tana ba da kusan milibolt 59 ga kowane maki ɗaya a digiri 25, da kusan 60 a digiri 30. Ke nan 0.01 na pH bai wuce milibolt 0.6 ba, kuma wannan ɗan siginar yana fitowa ne ta turjiyar da ke kaiwa ɗaruruwan miliyoyin om. Duk abin da ya gifta yana iya gurɓata shi. Ba a haɗa sandar kai tsaye da ƙaramar kwamfuta, sai ta bi ta amfilifaya mai jan wuta kaɗan ƙwarai, irin LMP7721, sannan ta shiga ADS1115, wanda a zangon bolt 1.024 yake rarrabe har kusan milibolt 0.03. Mai karanta bolt na cikin ƙaramin allon ESP32 bai dace da wannan aiki ba: ba ya tafiya a miƙe, kuma rukuninsa na biyu ba ya aiki idan WiFi na kunne.

Alamar da kowa ke gamuwa da ita ita ce wannan: ma'auni yana karatu daidai a cikin kofi, da an tsoma shi a tukunya aka kunna moto ko faifan zafi sai lamba ta yi tsalle. Dalili shi ne romon yana ɗaukar wuta, kuma ya haɗa sandar da sauran ƙarafan da ke ciki, sai wata ɓoyayyiyar hanyar lantarki ta buɗe ta cikin ruwan. Tace lambobi a manhaja ba ya gyara wannan. Sai an raba da'irar pH daga sauran gaba ɗaya, a ba ta wutarta ta keɓe, layin bayanai na I2C kuma ya bi ta mai rabawa irin ADuM1250. Haka za a yi wa ma'aunin oksijin, domin su biyun ma suna shiga hancin juna. A kuma kiyaye mahaɗin waya daga laima, ɗigo ɗaya a kansa ya isa ya ja karatun zuwa 7 ya tsaya a can.

A nan araha ba ta ado. Sanduna masu arha na jikin roba ba sa jure turarawa, sau ɗaya ya isa ya kashe su. Ko dai a sayi wadda aka yi don tururi, ko a yarda cewa za a tsabtace ta da sinadari a zura daga baya, tare da sanin cewa alkohol na kashi 70 ba ya kashe ƙwayoyin da suka dunƙule cikin ɓawo. Ga gajeren renon yis a pH 5 wannan kasadar mai ɗaukuwa ce. Ga reno na mako guda a pH 7 ba ta ɗaukuwa.

Ana saita sandar kafin turarawa da ruwan gwaji na 7.00 da 4.01. Idan a 7 ta kauce daga sifili da fiye da milibolt 30, ko gangarenta, wato milibolt ɗin da take bayarwa ga kowane maki, ya faɗi ƙasa da kashi 90 na abin da ya kamata, ta tsufa. Bayan turarawa da hucewa a ɗebi samfur a auna a waje, a gyara maki ɗaya. Ajiyarta a ruwan fotasiyam kulorayid mai ƙarfin mola 3 ne, tataccen ruwa yana tsotse gishirin cikinta.

Wajen gyaran tsami ba a amfani da PID, wato lissafin da ke gyara bisa girman tazara (P), taruwarta (I) da saurin sauyawarta (D). Ana ba da tazara, misali 0.05 sama da ƙasa da inda ake so. Idan karatu ya fita daga tazarar, famfo ya ɗiga na daƙiƙa ɗaya, a jira daƙiƙa 20 zuwa 30 ya gauraya, a sake dubawa. In ba a jira ba, famfon asid da na kostik za su yi ta kokawa da juna har su cika tukunya da gishiri. Kostik soda mai mola 1 zuwa 2 ya isa, ko ruwan amoniya wanda ke ƙara naitirojin. Asid kuwa na salfa ko na fosfet, ban da haidirokulorik domin yana cin ƙarfe. Bakin bututun ɗigon ya sauka kusa da maburgi, nesa da sandar awo. Sannan a sa iyaka: idan famfo ya zuba fiye da wani adadi cikin minti goma lamba ba ta motsa ba, ya tsaya ya yi ƙararrawa, domin ko sanda ta mutu ko tiyo ya fita.

Ma'aunin oksijin shi ne mafi tsada. Irin na Clark yana buƙatar a jona shi da wuta kusan sa'a shida kafin karatunsa ya zauna, na haske ba ya buƙatar wannan amma ya fi kuɗi. Ana saita ɗari bisa ɗari bayan turarawa, a zafin aiki da cikakken gudu da iska, kafin a zuba iri. Daga nan manhaja ta riƙe kashi 30 ta hanyar ƙara gudun maburgi tukuna, in ya kai ƙarshe sannan ta ƙara iska.

Awon kaurin ƙwayoyi da fitilar infrared da mai karɓar haske yana da kyau a ƙaramar kwalba. A tukunya mai iska kumfa tana watsa hasken, ƙwayoyi kuma suna manne wa gilashi. Ɗibar samfur a tsarma shi a auna a waje ya fi gaskiya.

Famfuna da ƙwaƙwalwar na'ura

Famfon da ke matsa tiyo daga waje shi ne ya dace, domin ruwan ba ya taɓa komai sai cikin tiyon da aka turara. Moton NEMA 17 mai taku 200 a zagaye, da direba irin A4988 ko TMC2209, yana ba da awo mai kyau. Ana saita shi da sikeli: a ba shi taku dubu goma, a auna ruwan da ya fito, giram ɗaya mililita ɗaya. A maimaita bayan turarawa da bayan kwanaki na aiki, domin silikon yana saki. Kada a cire wayar moto direba na kunne, nan take yake ƙonewa.

A raba aikin gida biyu. ESP32 ko Arduino ya riƙe madaukai da duk matakan kariya, Raspberry Pi ko wata kwamfuta ta karɓi bayanai ta MQTT, ta adana a InfluxDB, ta zana a Grafana ko Node-RED. Sharaɗin shi ne idan intanet ta yanke ko babbar kwamfutar ta sandare, tukunya ta ci gaba da aikinta a kan umarnin ƙarshe. Faifan zafi ana kunna shi da MOSFET, wato makunnin lantarki, mai buɗewa da ƙaramin bolt. IRF540 da ke cika kasuwa yana son kusan bolt 10 a ƙofarsa, da 3.3 ba ya buɗewa sosai sai ya yi ta zafi. A sa rizista mai om 10,000 daga ƙofar zuwa ƙasa don ya kasance a kashe yayin da allo ke tashi, a sa dayod a kan kowane moto ko famfon da MOSFET ke kunnawa kai tsaye don tsallen wuta. A kan faifan kansa a ɗaura fis mai tsinkewa da zafi, domin MOSFET idan ya lalace yawanci a kunne yake mutuwa, kuma a lokacin babu layin manhajar da zai iya kashe shi.

Ga zafi, P da I sun isa, D hayaniya kawai yake ƙarawa. A fara da cikakkiyar wuta idan tazara ta kai digiri 2, ta riƙa raguwa yayin da ake matsowa, sannan a ƙara I a hankali. Idan zafi yana wuce gona da iri a tashin farko, I ne ya tara bashi tun ruwa na sanyi, sai a hana shi tarawa duk lokacin da faifan ke kan cikakkiyar wuta. Kada a yi amfani da umarnin jira da ke tsayar da komai, a kunna mai gadin da ke sake tayar da allo idan ya sandare, a kuma rubuta ɗanyen karatun milibolt tare da wanda aka juya, domin in an gano saiti ya kauce ana iya gyara bayanan baya.

Buɗe aiki ga jama'a ya wuce ɗora hotuna. Fayil ɗin STL na bugun 3D ba tushe ba ne, a saki na FreeCAD ko OpenSCAD, da na KiCad, da jerin kaya mai lambar kowane ɓangare, da sakamakon kLa da yadda aka auna shi. Kayan ƙarfe da allo su ɗauki lasisin CERN-OHL, wanda bugunsa na biyu ya fito a 2020, manhaja kuma MIT ko GPL.

Gwajin farko

Ruwa zalla tukuna, na sa'a 24, a ga zafi ya zauna, babu yoyo, bayanai ba su yanke ba. A cire wayar sensar zafi da gangan a tabbatar faifan ya mutu. Sai romo ba tare da iri ba: a turara, a kunna komai, a bari sa'a 48 zuwa 72. In ya yi gurɓi ko pH ya motsa ko oksijin ya sauka, akwai ƙofa a buɗe, kuma galibi wurin ɗibar samfur ne ko zoben murfi ko matatar da ta jiƙe.

Bayan nan sai yis ɗin burodi, a romon da ke da giram 10 na tsamen yis, 20 na fefton da 20 na gulukos a lita, digiri 30, pH 5, iri kashi 5 cikin 100 daga kwalbar da ta kwana tana girma. Zai riƙa ninkuwa kusan kowane minti 90. Oksijin zai yi ta sauka, famfon kostik ya yi ta aiki. Ko da iska ta wadata yis zai yi alkohol matuƙar sukari na da yawa, wannan ɗabi'arsa ce ba laifin tukunya ba. Idan gulukos ya ƙare, girma zai ɗan tsaya, oksijin ya yi sama na ɗan lokaci, sannan ya sake sauka yayin da yis ya juya yana cin alkohol ɗin da ya yi. Ganin wannan lanƙwasa a zane yana nuna ma'aunan suna bin abin da ke faruwa da gaske.

Kumfa takan taso a wannan romon saboda fefton. Ɗigo ɗaya ko biyu na maganin kumfa ya isa, yawansa yana haɗe ƙananan kumfar iska ya rage kLa. Wanda ya sa wayoyi biyu a saman romo don gano kumfa ya riƙa ba su wuta a ɗan taƙaitaccen bugu, wuta mai ɗorewa tana cinye ƙarfen.

Mai son reno mai gudana, irin wanda Monod da kuma Novick da Szilard suka bayyana a 1950, zai ƙara famfon abinci da bututun fita da aka tsayar a daidai saman ruwa, famfon fitar ya fi na shiga gudu don bututun ne zai riƙe tsayin ruwan. A sauyin kashi 0.1 na tukunya a sa'a, lita 1.4 tana buƙatar mililita 140 a sa'a, kuma sai an sauya ruwan sau biyar kafin a ce ya daidaita, wato sa'a 50 da lita 7 na romo. Idan saurin sauyin ya wuce saurin girman ƙwayoyin, wajen 0.4 ga yis, za a wanke su tas. Bututun abinci kada ya taɓa romo, ya riƙa ɗiga daga sama, in ba haka ba ƙwayoyin za su bi shi baya har cikin kwalbar ajiya. Abin da ya fito daga tukunya kuwa a kashe shi da tururi ko da bilic kafin a zubar, ɗaya daga ciki kawai, domin bilic a cikin tukunyar matsi yana sakin iskar kulorin kuma yana cin ƙarfe.